Ba a Barin Fasinja a Ƙasa

Auta ta juyo da robar ruwa biyu a hannu, ta tarar da benci wayam.

Nan ta zaunar da Baba, a gindin dogon ginin nan mai agogo, ta ɗora masa jakarta a cinya, ta ce kada ya motsa. Har sau biyu ta faɗa, shi kuwa ya harare ta ya ce shi ba ɗan ajinta ba ne. Shagon ruwan ma ba wani nisa gare shi ba, tsallaken titi ne kawai. Ga benci, ga ɓawon lemon da Baba ya ɓare ya tara a gefe tsaf yadda ya saba, amma shi da jakar ko sama ko ƙasa.

"Baba!"

Tattabarun dandalin suka tashi fir, suka sake sauka. Wasu masu ɗaukar hoto suka waiwayo suka dube ta, suka ci gaba da abin da ke gabansu. Ta zaga bayan ginin agogon, ta leƙa wajen masu sayar da katuna da 'yan zobban makulli, ta dawo ta tsaya a kan bencin kamar zai tsiro daga ƙarƙashinsa. Ita da ta shekara da shekaru tana fita da 'yan firamare yawon buɗe ido, ta kai su gidan namun daji, ta kai su filin jirgi, ko takalmin yaro bai taɓa ɓace mata ba, yau ga ta ta zubar da uba guda a ƙasar mutane.

Tafiyar ta yini ɗaya ce, irin wadda kamfanonin nan suke shiryawa ranar hutu. A tashi da sassafe, a tsallaka iyaka, a ga gidan tarihi da gada da ginin agogo, a ɗan taɓa kasuwa, a juyo kafin a rufe ƙofar iyaka da magariba. Takarda ɗaya ake yi wa mota gaba ɗaya, fasfo ɗin kowa kuma yana cikin jakar jagorar tafiya, wata siririyar budurwa mai murya kamar lasifika, wadda take ɗaga koriyar lema sama a bi ta a baya. Tun kafin a kai iyaka fasinjoji suka raɗa mata Mai Lema. Ta raba wa kowa koriyar hula mai baki, ta kuma kafa doka ɗaya da ta yi ta nanatawa har aka fara yi mata amshi: in lema ta ɓace maka, kada ka tsaya neman kowa, koma mota. Da suka iso dandalin nan ta naɗe lemar, ta ce kowa ya sha iska, a haɗu a mota da la'asar.

Auta ta tuna dokar, ta kuma watsar da ita nan take. Ai doka ta masu tunawa ce. Mutumin da ya yi ta tambayarta da safen nan ina za su, wanda a kan iyaka ya juyo ya ce, "Innarki ta taho da maganina kuwa?" alhali Inna ta yi shekaru a ƙasa, shi ne zai tuna lungun da aka ajiye mota? Ita kanta mai cikakken hankalin ba za ta rantse ta san hanyar ba, don lema ta biyo, ba titi ba.

Sannan akwai abin da ya fi wannan. In ta je ta gaya wa Mai Lema, lambar da za a kira ta babban wanta ce, Yaya. Yaya kuwa a saninsa suna gidan Gwaggo.

Tun da mantuwa ta fara taɓa Baba, Yaya ya gyara masa ɗaki a bayan gidansa, ɗaki mai kyau, har da na'urar sanyi, da maigadi a bakin ƙofa wanda aka ja wa kunne. Ranar da aka kai Baba ya gani, bai ce uffan ba sai da suka dawo gida. Yana cire takalmi ya ce, "Auta, kada ki bari su kulle ni. Ni da na yi rayuwata a kan titi." Ta ce ba za ta bari ba. Daga ranar ta zama mai ɓoye laifi. Da ya bar butar shayi a wuta har ta ƙone, ta jefar da ita ta sayo irinta. Da ya fita sayen burodi wani maƙwabci ya tsinto shi a bakin tasha, ta roƙi mutumin ya rufa mata asiri. Yaya dai ya faɗa mata baki da baki: "Kin ga, Auta, ni ba na son jan magana. Abu ɗaya ya sake faruwa, komai ƙanƙantarsa, zan zo in ɗauke shi. Ke tausayi yake cinki, ni kuma gawa nake gudun a kawo mana."

Shi ya sa ma ta shirya tafiyar nan. Baba tsohon direban bas ne, kuma wannan garin shi ne ƙarshen layinsa. Da labarinsa suka girma: gada mai fitilu, agogon da ake jin bugunsa har bakin ruwa, tsohuwar tasha a tsallaken gada inda yake kwana a cikin mota. Likita ya ce wuraren da mutum ya sani a da sukan farkar da abin da ya kwanta. Ta so ta dawo da hotuna, ta ajiye wa Yaya waya a gabansa ta ce, duba, wannan ne mutumin da za ka sa wa maigadi? Da Mai Lema ta tambaye ta a bakin mota ko Baba lafiyarsa ƙalau, ko ido ba ta ƙifta ba ta ce garau yake.

Can ƙasan titi ta hango lema. Koriya, a sama, da ayarin korayen huluna suna bin ta. A tsakiyarsu akwai wani dogon tsoho mai riga ruwan toka, yana ɗan jan ƙafar hagu.

Ta zubar da robobin ruwan ta bi su. Titin a cike yake, ga masu tura kekunan kaya, ga motoci suna tafiyar hawainiya. Ayarin ya karya kwana, ta karya. Ya shige wani matsattsen layin masu sayar da agogo da tabarau, ta kutsa, tana bangaje mutane tana ba da haƙurin da ba wanda yake jin yarensa. Ta kira Baba har muryarta ta fara dishewa, tsohon bai waiwayo ba, amma wannan bai dame ta ba, don Baba ya daɗe da rage jin kira daga baya. Sai a bakin gada ta cim musu. Ta cafki hannun rigarsa.

"Baba, wallahi ka…"

Wata fuska daban ta juyo, mai tabarau da farin gashin baki. Mutumin ya dubi hannunta, ya dubi hularta, ya yi murmushi ya faɗi wani abu da wani yare. Ta ɗaga kai ta dubi mai riƙe da lemar, sai ta ga wani ƙato mai gemu. Ashe kamfanonin nan duk wuri ɗaya suke sarin hulunansu da lemominsu. Ta saki rigar bawan Allah.

Ta ciro wayarta, ita kaɗai ta rage mata da ɗan canjin ruwa. Babu sabis. Tun da suka tsallaka iyaka layinta ya mutu, wayar ta koma abin ɗaukar hoto kawai. Katin da ke da lambar Mai Lema kuwa yana cikin jaka, jaka tana hannun Baba.

Daga nan tana hango kan ginin agogo a bayan rufin gidaje, da ta so komawa da ta koma. Amma ga gada a gabanta, ita ce dai gadar labari, har da fitilunta. Da safe da motarsu ta bi ta kai, Baba ya miƙe tsaye a kujera, idonsa ya kawo haske, ya nuna tsallake ya ce, "Can tasharmu take. Akwai mai shayi a ƙofa, in ya gan ni sai ya ce ga sarkin sammako." Har direban motar ya yi dariya ya ce, "Ashe da maigida muke tafe." In akwai inda ƙafar Baba za ta kai shi ba da shawarar kansa ba, to can ne.

Ta hau gadar da sassarfa, tana duba kowace fuska, tana kuma hana idonta duba ruwan da ke ƙasa.

Tsallaken babu tasha. Wani katafaren kanti ne mai bangon gilashi ya cinye wurin, da matakala mai tafiya da kanta, da wasu 'yan mata suna lasar ƙanƙara mai zaƙi a bakin ƙofa. Ko warin man mota babu, balle mai shayi. Ta tsaya tana haki, tana tunanin yadda Baba zai ji in ya zo nan ya tarar an share rabin rayuwarsa an dasa gilashi. Zai tsaya? Zai ci gaba da tafiya yana neman tashar a gaba, a gaba, har inda gari ya ƙare?

An ce matambayi ba ya ɓata, amma ba a faɗi yadda zai yi ba in ba a jin bakinsa. Ta buɗe hoton da ta ɗauki Baba da safe a gidan tarihi, yana tsaye kusa da wata tsohuwar igwa ya sha mur. Ta nuna wa maigadin kantin, ya girgiza kai. Ta nuna wa mai gyaran takalmi, ta nuna wa wata mai furanni, ta nuna wa wasu dattawa da ke wasan dara a inuwa. Ɗaya daga cikinsu ya karɓi wayar ya daɗe yana dubawa har ranta ya fara dawowa, ashe igwar yake kallo. Daga ƙarshe maigadin ya yafito ta da hannu, ya nuna mata wani ɗan ofishi mai shuɗin fenti a kusurwar titi.

Tana shiga ta gane ta kawo kanta. Ɗan sandan da ke kan tebur bai ko dubi hoton ba, hannu ya miƙo yana murza yatsu, ya faɗi kalma ɗaya wadda ko kurma ya san takarda take nufi. Ta nuna hularta, ta kwatanta lema da hannu, ta kwatanta jaka. Ya nuna mata benci. Ta ce masa da Hausa, ta ce da Turanci, ta ce da hawaye, mahaifinta ne, ba shi da lafiya, bai san inda yake ba. Ya sake nuna benci, ya ci gaba da rubutunsa.

Ta zauna. A bangon da ke gabanta akwai agogo, kuma la'asar ta riga ta wuce. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ta sani, amma me Baba ya yi? Shi bai ce a kawo shi ba. Ita ce ta so ta ci gardama, ta ɗauko tsoho ta yi caca da shi.

Wata 'yar sanda mai jiki ta shigo da kofin shayi, ta dube ta, ta dubi hular, ta ce, "Hausa?"

Auta ta zabura. "E! E, don Allah!"

"Kaɗan-kaɗan," in ji matar. Hausar kasuwa ce, guntu-guntu, amma a kunnen Auta ta fi waƙa daɗi. Ta karɓi wayar ta dubi hoton. "Tsoho. Ya ɓata?"

"Babana ne. Mantuwa gare shi. Tun bayan azahar."

Matar ta ɗauki wayar ofis ta yi magana, ta ajiye, ta sake kiran wani wuri. A kira na biyun ne fuskarta ta canza. Ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Asibiti. Tsoho ɗaya. Babur ya buge, wajen gada. Ba takarda."

Auta ta dafa bango. "Da rai?"

"Jira. Hoto yana zuwa."

Ba ta taɓa sanin jira yana da nauyi haka ba. Ɗan sandan tebur ya daina rubutu. Fanka tana juyawa a sama tana ƙara. Auta ta fara addu'a, ta rasa bakin zaren, ta sake farawa. Abin da ya yi ta dawo mata shi ne maganar Yaya, gawa nake gudun a kawo mana, da kuma yadda ta murguɗa baki a ranar bayan ya juya.

Wayar matar ta yi ƙara. Ta duba, ta miƙo.

Wani tsoho ne gajere mai sanƙo, an naɗe masa goshi, idonsa a buɗe. Ba Baba ba ne. Auta ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi, sannan kunya ta kama ta, don shi ma wannan uban wasu ne.

"Ba shi ba?"

"Ba shi ba ne."

Matar ta dubi agogon bango, ta yi tsaki. "Ke, je mota. Ƙofa rufe, ke ba takarda, tsoho ba takarda, wahala babba. Karɓo takarda, dawo nan. Mu nema." Ta yi wa na kan tebur magana a taƙaice, ya ɗaga kafaɗa. Ta ja Auta waje, ta tsayar da wani mai babur, ta yi masa kwatance tana nuna koriyar hular. Mutumin ya gyaɗa kai, da alama duk garin an san inda masu korayen huluna suke ajiye motocinsu.

A kan babur ɗin ta yanke shawara. Za ta karɓi fasfo ɗinsu biyu, ta ce wa Mai Lema su tafi. Za ta ba ta izini ta kira Yaya da sun tsallaka. Ita kuwa ba za ta bar garin nan ba sai da Baba, ko za ta kwana a kan bencin 'yan sanda. Ɗakin bayan gidan Yaya, da maigadinsa da komai, yanzu ji take da ma a ce Baba yana cikinsa yana zaginta.

Filin motocin yana bayan gidan tarihi. Da safe a cike yake maƙil, yanzu saura bas ɗaya, tasu, mai rubutun Tafiya Mabuɗin Ilimi a gefe. Injinta yana aiki, direba yana danna hon ba ƙaƙƙautawa. Mutane kuma sun yi cincirindo a gabanta, korayen huluna sun kewaye wani abu da ba ta gani.

Ta san irin wannan taron. Haka ake taruwa a kan wanda ya faɗi. Ta diro kafin babur ya gama tsayawa, ta juye wa mai shi duk abin da ke hannunta, ta ruga.

"Ku ba ni hanya! Don Allah ku ba ni hanya!"

Baba yana tsaye a gaban motar, ƙirjinsa kusan manne da ita, tafin hannunsa ɗaya a kan ƙarfen, jakarta a hammatarsa. Hular kamfanin tana kansa a karkace. Wani mai ƙaton tumbi yana yi masa ihu yana nuna agogon hannu, wata Hajiya tana roƙonsa da girman Allah, direba ya leƙo ta taga yana cewa, "Maigida, ka rufa mana asiri, za a rufe ƙofa da mu!" Baba ko gezau.

"Yaro, kashe injin nan ka daina ƙona mai," ya ce, da wata murya da Auta ta yi shekaru ba ta ji ba. "Wa ya koya maka tuƙi? Ga kaya, babu mai kaya, ka ce za ka tashi? Ba a barin fasinja a ƙasa. In za ka wuce, sai dai ka bi ta kaina."

"Ga ta nan!" wani ya yi ihu. "Ga Malamar!"

Nan fa aka yi mata ca. Mai tumbi ya ce wannan wane irin rashin tunani ne, babba da ita. Hajiya ta ce ai da ma masu ilimin nan su suka fi ba da wahala. Mai Lema ta ratso taron, lemarta a naɗe, muryar lasifikar nan ta dishe ƙurmus. Ta kama hannun Auta ta ja ta gefe.

"Malama, ina kika shiga? Me na ce muku tun safe?"

"Shi nake nema. Na ɗauka…"

"Shi? Ai shi ya riga kowa dawowa. Ko ni nan na tarar da shi zaune a bakin ƙofar mota, yana duba tayoyi." Ta gyara riƙon lemarta. "Na jira ki har na gaji. Na ce zan bar fasfonki a ofishin wakilinmu na nan, in tafi da shi, in kira ɗan'uwanki a hanya. Mutum nawa ne a wuyana, kin sani. Da ya ji an ta da mota sai ya sauko ya tsaya a nan. An yi lallashi, an yi faɗa, ya kafe." Ta rage murya. "Na ce masa, Baba, ina 'yarka ta tafi? Ya ce min 'yarsa tana makaranta, sai an tashi. Malama, kin ce min garau yake."

Auta ta zare hannunta daga na yarinyar ta nufi mahaifinta. So take ta rungume shi a gaban kowa, ta yi kuka a rigarsa, ta yi masa faɗa, duka a lokaci ɗaya.

"Baba."

Ya juyo ya dube ta daga sama har ƙasa, kallon natsuwa, irin wanda ake yi wa baƙo a bakin tasha.

"Ke ce mai jakar nan?"

Ta tsaya cak. Ta jira ya yi dariya, don Baba mutum ne mai tsokana. Bai yi ba.

"Ni ce," ta ce.

"To, baiwar Allah, ba a haka. Kin bar kaya a hannun mutane kin shiga gari, kin tsayar da mota guda. In da wani direban ne da tuni ya yi gaba." Ya miƙo mata jakar da hannu biyu. "Buɗe ki duba kayanki a gaban shaidu."

"Sun cika."

"Ki duba dai."

Ta buɗe, ta duba, ba ta ga komai ba saboda ruwan da ya cika mata ido. Ta ce sun cika. Baba ya gyaɗa kai, ya ɗaga hannu ya bubbuga jikin motar sau biyu, yadda yake yi a da in zai fita da asuba tana leƙensa ta taga.

"Mu je, yaro. Mun cika."

Direba bai jira an gama zama ba ya fizgi mota. Tsaki yana tashi jefi-jefi daga baya. Mai Lema tana tsaye kusa da direba, jakar fasfo a ƙirjinta, idonta a kan rana da ke gangarowa. Suka bar gidajen gari, suka shiga gonaki. Duk motar da ta sha gabansu sai an ji wani ya ja numfashi.

Baba yana kujerar taga, Auta a gefensa. Ya matsa ya ba ta wuri sosai, ya tattare rigarsa don kada ta taɓa ta. Can ya ɗan karkato.

"Kada ki damu da surutunsu. Fasinja haka yake, in an isa duk ya manta. Za mu samu ƙofa, wannan yaron ya iya taka mota." Ya laluba aljihu. "Ni ma sauri nake. Ina da 'yar ƙarama a gida, autata, ba ta barci sai ta ji tsayuwar motata. In na zo garin nan ban kai mata tsaraba ba, ai na shiga uku."

Ya ciro wata 'yar leda ya kwance ta a hankali. Ribbon gashi ne guda biyu, jajaye, masu ɗan fure a tsakiya. Irin su ne suka cika wani gwangwani da take ajiyewa a ƙarƙashin gadonta tana yarinya. Wato da ya tashi daga bencin, wajen sayen su ya fara zuwa.

"Ke mace ce, kin fi ni sani. Kina ganin za ta so?"

"Za ta so, Baba."

"Ja take so. Taurin kai gare ta, ki ganta 'yar mitsitsiya, amma in ta kafe a kan abu ko yayanta ba ya juya ta." Ya yi 'yar dariya, ya mayar da ledar aljihu, ya dafe ta da hannu.

Sun iso iyaka jami'i ya riga ya kama igiyar shingen zai sauke. Mai Lema ta dira da gudu tana ɗaga takarda. Aka yi 'yar muhawara, aka leƙo aka haska fuskoki, aka buga hatimi. Da motar ta wuce ƙarƙashin shingen sai aka saki ajiyar zuciya gaba ɗaya, mai tumbi har da tafi. Hajiyar nan ta miƙo wa Baba biskit ta saman kujera tana cewa, "Baban direbobi, yau ka nuna mana aiki."

Ba su yi nisa ba wayoyi suka fara farfaɗowa, nan ƙara, can ƙara. Ta Auta ta yi ta zuga a cinyarta, saƙo a kan saƙo, duk na mutum ɗaya. Kafin ta buɗe ko ɗaya, kira ya shigo. Yaya.

Ta zuba wa sunan ido. Hotunan suna nan cikin wayar, Baba a gaban igwa, Baba a kan gada yana nuna tsallake, fes da shi kamar ba abin da ke damunsa. Tana iya cewa sabis ne babu a unguwar Gwaggo. Ta iya irin wannan, ta ƙware.

"Ɗauka mana, baiwar Allah," in ji Baba. "'Yan gidanku ne. Tun ɗazu hankalinsu yana tashe."

Ta danna, ta kai kunne. Muryar Yaya ta fara zuba tun kafin ta yi sallama. Ta bari ya kai aya.

"Yaya," ta ce, "ba gidan Gwaggo muka je ba."

Baba ya juya fuskarsa wajen taga, don ba tarbiyyarsa ba ce sauraron wayar mutane.